Yaron da Ya ke Karatu a Gida: Wace Ƙofa Ya Nufa?

A ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi akwai gidajen masu bi da dama inda za a tarar da yaro ko yarinya mai shekara 14 ko 15 a zaune, ba ya zuwa makaranta, amma kuwa bai rabu da littafi ba. Uba ko uwa, ko wani wa da ya gama sakandare, shi ke koya masa abin da ya sawwaƙa da sassafe ko bayan an taso daga gona. Iyayen nan sun yi abin kirki, ba mu da abin da za mu ce musu sai madalla. Amma idan aka tambaye su, "Karatun nan, wace ƙofa zai buɗe wa yaron nan da shekara uku?" da yawa su kan yi shiru. A kan wannan tambaya darasinmu na wannan wata ya ke.

Mun sani ba da son ranku yaran su ke gida ba. Ran 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a ƙasar Talata Mafara, suka kwashe yara 279, gwamnati ta rufe makarantun kwana. Ran 1 ga Satumba na shekaran nan aka ɗauki ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, sai aka rufe makarantun jihar duka, waɗansu kuwa suka daɗe ba a buɗe su ba. A farkon Janairu 2022 aka auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka kashe mutane da yawa, dubbai suka bar gidajensu. A Nuwamba 2025 kuma aka ɗauki 'yan mata daga makarantar Maga, can maƙwabtanmu a jihar Kebbi. Uban da ya ga wannan duka ya ce ɗiyarsa ba za ta kwana a makaranta ba, wa zai ga laifinsa?

Karatu a gida ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Maƙwabtanmu Musulmi sun daɗe da makarantar zaure, inda ɗalibi ya kan sauke littafi ɗaya kāna ya ɗauki wani. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta shirya mata masu bin ƙauyuka suna koya wa mata a cikin gidajensu. A wajen boko ma haka. Alvan Ikoku ya sami digirin Jami'ar Landan a 1928 yana zaune a ƙasarsa, Obafemi Awolowo kuma ta wasiƙa ya yi karatun digirinsa na ciniki. Amma ku lura da abu ɗaya. Mutanen nan biyu sun san jarrabawar da su ke nufa tun kafin su buɗe littafin fari. A Amurka, inda doka ta yarda da koyar da yara a gida a dukan jihohinsu, uwa ta kan rubuta takardar darussan da ɗanta ya yi, kwaleji ta duba ta. A nan Nijeriya ba haka ba ne. Takardar da uba ya rubuta da hannunsa, ko wadda fasto ya buga wa hatimi, ba ta shigar da kowa ko'ina. Takardar hukumar jarrabawa kaɗai a ke dubawa.

A fara lissafi daga ƙarshe

Karatun ƙasarmu hawa-hawa ne: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, sa'an nan makarantar gaba. Dokar 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin shekaru 9 na fari, ta ce tilas ne kowane yaro ya yi su. Shekaru ukun da su ke biye su ne mu ke magana a kai, gama a cikinsu ne hanya ta ke rabuwa. A makaranta, ranar da yaro ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare malamai su kan duba sakamakonsa su ce wannan ya tafi ajin kimiyya, wannan ajin adabi, wancan ajin kasuwanci. Yaron gida ba shi da mai yi masa wannan rabo. Idan iyayensa ba su yi ba, sai ya ci shekara uku yana tsinkar kaɗan daga nan, kaɗan daga can, ranar jarrabawa ta zo a ga abin da ya karanta bai dace da kowace ƙofa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da manyan makarantu su ke nema. Jami'a tana son kiredit 5 a jarrabawar gama sakandare, a zama ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Makin jarrabawar daga A1 ya ke zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 an ci, amma ba su shiga lissafin biyar ɗin nan. Iyaye da yawa sun yi murna da takarda cike da D7, sai daga baya suka gane ba ta kai ɗansu bakin ƙofa ba. Cikin biyar ɗin dole a sami Turanci. Lissafi ma dole ne ga mai son kimiyya, ko fasaha, ko tattalin arziki da makamantansa. A Oktoba 2025 ma'aikatar ilmi ta tarayya ta sassauta wa masu neman fannin adabi da harsuna, ta ce ba lallai ne su sami kiredit a Lissafi ba. Duk da haka shawararmu ita ce kada yaro ya ji wannan ya ajiye Lissafi. Ƙa'ida ta kan sāke, yaron kansa ya kan sāke ra'ayi, mai kiredit a Lissafi kuwa bai taɓa yin da-na-sani ba.

Sauran ukun kuma ba kowane uku ba ne, sai waɗanda suka dace da aikin da a ke so. Mai son likita ko nas ko ungozoma, sai Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya, Fiziks da Kemistiri tare da Lissafi mai ƙarfi. Mai son aikin lauya ba zai tsallake Adabin Turanci ba, ya haɗa da irin su Ilmin Gwamnati da Ilmin Addinin Kirista. Mai son aikin akanta, Tattalin Arziki. Mai son zama malamin gona kada ya zaci Ilmin Aikin Gona kaɗai ya isa, za a tambaye shi Kemistiri. Hukumar JAMB tana da kundin da ya jera wannan duka, fanni-fanni, makaranta-makaranta. A nemi na shekarar da a ke ciki, a karanta shafin da ya shafi yaron tun yana da shekara 14, kada a bari sai ya kai 17.

Wani abu kuma da yaranmu su ke rainawa, shi ne Hausa. Darasi ne cikakke a WAEC da NECO da JAMB, ana kuma yin digiri a kansa a Kano da Zariya da Sakkwato. Amma iya magana dabam, cin jarrabawa dabam. Za a tambayi nahawu da ƙa'idojin rubutu da adabi da al'adu, akwai kuma littattafan da aka sa a karanta. Yaron da ya saba karatu da Hausa a gida da cikin sujada ya riga ya yi rabin tafiya, hasara ce ya bar wannan kiredit a ƙasa. Haka kuma Ilmin Addinin Kirista. Sanin labarun makarantar Lahadi taimako ne, amma da Turanci za a amsa, bisa ga manhajar hukuma.

Jarrabawar wanda ba shi da makaranta

To, yaron da ba ya cikin rajistar kowace makaranta, ina zai zauna jarrabawa? Nan ne albishir ya ke. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana da jarrabawa dabam domin masu zaman kansu, wadda mutane su ke kira GCE. Tun 2018 sau biyu a ke yinta a shekara, ɗaya a farkon shekara, ɗaya wajen ƙarshenta. Hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, ita ma tana da tata wajen Nuwamba da Disamba. Mutum shi ke yin rajistar kansa ta intanet, a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, ya zaɓi garin da zai zauna daga cikin waɗanda hukuma ta jera, ya biya kuɗinsa. Takardar da zai samu daidai ta ke da ta ɗan makaranta a wurin neman shiga jami'a. Akwai ma wata riba a ciki. 'Yan makarantun gwamnatin Zamfara sun sha zaman jira shekara da shekaru, an riƙe sakamakonsu saboda bashin da jihar ta ci wa hukumomin jarrabawa, sai bayan 2023 aka biya aka sake su. Wanda ya biya da hannunsa ba a riƙe nasa domin bashin wani.

Tun da an yarda da zama biyu, ana iya haɗa takardar WAEC da ta NECO. Yaro ya zauna ta fari, in ya sami kiredit huɗu ya faɗi ɗaya, ya koma ya gyara a ta biyu. Amma waɗansu jami'o'i ba su karɓar zama biyu ga mai neman likita. A bincika wannan tun da wuri.

Akwai wata gajeruwar hanya da za a nuna muku, muna roƙonku kada ku bi ta. Wani zai zo ya ce akwai makaranta a wuri kaza, a kawo kuɗi kaza, za a sa sunan yaron cikin 'yan aji uku, ranar jarrabawa kuma a rubuta musu amsa a allo. Jarrabawar 'yan makaranta tana tafiya da makin aikin aji na shekara uku, saboda haka sa sunan wanda bai zauna ajin ba ƙarya ce tun daga tushe. Hukuma ta kan soke sakamakon makaranta ɗungum idan ta gane, kuɗi ya tafi, shekara ta tafi. Ko ba a gane ba ma, yarinyar da aka saya wa kiredit a Kemistiri ita za ta riƙa auna wa jariran mutane magani wata rana.

Bayan wannan sai jarrabawar JAMB, ta shiga jami'a da kwalejin fasaha da kwalejin horon malamai. Darussa 4 a ke yi, Turanci da uku na fannin da a ke so. Tambaya 180 ce cikin awa 2, maki 400. Tun 2015 a kan kwamfuta kaɗai a ke yinta, a cibiyoyin da su ke manyan garuruwa kamar Gusau. Ita ma WAEC ta fara sa masu zaman kansu gaban kwamfuta a 2024. Ku duba fa: yaro ya san amsa sarai, amma bai taɓa ɗora hannu a kan kwamfuta ba, ga hanya mai ban tsoro da ya biyo jiya, ga agogo yana tafiya a gabansa. Rabin lokacinsa zai ƙare wajen neman inda zai danna. Wayar hannu ba ta maye gurbin wannan. Ko sau ɗaya a wata ne, a nema masa inda zai zauna gaban kwamfuta ta gaske. Shekarun shiga kuma 16 ne. An yi maganar mai da su 18 a 2024, amma aka janye.

Abin da gida ya iya, da abin da bai iya ba

A nan ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya. Turanci, Lissafi, Hausa, Adabi, Ilmin Gwamnati, Ilmin Addini, Tattalin Arziki, duk ana iya koyonsu a zaure idan akwai littafi da mai dubawa. Kimiyya ba haka ta ke ba. Gaskiya ne masu zaman kansu ba a sa su haɗa sinadarai a ɗakin gwaje-gwaje, a kan ba su takarda ce a madadin wannan. Amma takardar tana tambayar launin da ruwa ya koma sa'ad da aka ɗiga masa abu kaza, da yadda a ke karanta ma'auni, da yadda a ke zana jadawalin abin da aka auna. Wanda bai taɓa gani da idonsa ba haddacewa kawai zai yi, hadda kuwa ta kan gudu ranar tsoro. Domin wannan, idan Allah ya ba ku yaro mai kan kimiyya, mu a ganinmu gida wurin jira ne a gare shi, ba wurin gamawa ba. A nemi ɗan'uwa amintacce a Gusau ko Sakkwato ko Zuru wanda zai riƙe shi ya yi makarantar jeka-ka-dawo. Lokacin da ya fi dacewa a mai da shi kuwa shi ne farkon aji ɗaya na babbar sakandare, da takardar jarrabawar aji uku na ƙarama a hannunsa. In an wuce nan, komawa ta kan yi wuya.

Mun san abin da wannan shawara ta ke nufi ga uwa. Ita ce za ta kwana tana tunanin motar da ta bi ta Daki Takwas. Ba mu ce kowa ya aika da nasa ba, kowane gida ya san halin da ya ke ciki. Abin da mu ke cewa shi ne, wanda ya ƙudura ɗansa zai zauna gida har ƙarshe, ya zaɓa masa darussan da gida zai iya ɗauka. Kada a riƙa kiran yaro "likita" shekara uku a gidan da ba wanda ya taɓa buɗe littafin Fiziks.

Turanci shi ne dutsen da yaranmu suka fi tuntuɓe a kai. A gida Hausa, a kasuwa Hausa, a sujada Hausa, wannan kuwa ba abin kunya ba ne. Amma jarrabawar tana neman ya rubuta wasiƙa ko labari mai tsawo, ya karanta shafi ya taƙaita shi cikin kalmominsa, har da takarda a kan yadda a ke furta sautuka. Maganinsa ba shi da tsada. Ya ji labarun rediyo da Turanci kowace rana, ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi a gaban wani, ya rubuta wasiƙa ɗaya kowane mako a gyara masa da jan biro. Gyaran nan shi ne ainihin koyarwa. Littafi ba ya gaya wa yaro inda ya yi kuskure.

Sai maganar lokaci. Makaranta tana da ƙararrawa, gida kuwa damina ce ƙararrawarsa. Daga Yuni zuwa Satumba hannun yaro yana gona, kada mu ruɗi kanmu da jadawalin awa shida. A ba rani nauyin sabon karatu, daga Janairu zuwa Mayu, awa uku ko huɗu kafin rana ta yi zafi. Da damina a riƙe awa ɗaya ta Turanci da Lissafi domin kada su yi tsatsa. Ku lura kuma jarrabawar ƙarshen shekara da kaka ta ke haɗuwa, ga girbin dawa, ga sussuka. Shekarar da yaro zai zauna, sai uba ya shirya tun da bazara wanda zai tsaya a madadinsa a gona. Cikin shekara ukun, biyu na fari na bin manhaja ne daki-daki, ta uku ta amsa tambayoyin shekarun baya ce, da agogo a gefe.

Ba jami'a kaɗai ce ƙofa ba

Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da ta jiha a Talata Mafara, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta aikin gona a Zuru, duk suna kusa da mu. Amma akwai waɗansu ƙofofi da suka fi dacewa da yara da yawa. Kwalejin fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara da ta tarayya a Ƙauran Namoda suna ba da difloma cikin shekara 2. Kwalejin horon malamai ta Maru tana ba da NCE cikin shekara 3, ita ce takardar da a ke fara koyarwa da ita. Akwai kwalejin aikin gona a Bakura, da ta aikin lafiya a Tsafe. Wanda ba zai iya barin gida ba kuma, akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, tana da cibiya a Gusau. Mai jin kira zuwa aikin ekklesiya ya sani makarantun tauhidi na Kagoro da Jos da Bukuru su ma kiredit ɗin nan su ke tambaya ga mai neman digiri, kada ya ce Lissafi ba ruwansa da bagade. Game da kuɗi, tun 2024 akwai asusun NELFUND na gwamnatin tarayya mai ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ba ruwa. Rance ne dai, za a biya.

Sana'ar hannu kuma ba wurin jefa wanda ya kāsa ba ce. A Satumba 2025 gwamnati ta fito da sabuwar manhaja, ta rage darussan babbar sakandare zuwa 8 ko 9, ta kuma ware sana'o'i 6 da ɗalibi zai zaɓi ɗaya a ciki: haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, da noman lambu da amfanin gona. Ku dubi jerin nan, rabinsa yana cikin gidajenmu tun kakanni. A nan yaron gida ya fi ɗan makaranta sa'a, gama zai iya yin karatu da safe ya tafi wurin ubangidansa na sana'a da rana. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana jarraba masu sana'a ta ba su takarda, tana kuma da zama na masu zaman kansu wajen ƙarshen shekara. Kafinta ko mai walda ko mai haɗa wuta da ya riƙe wannan takarda yana iya neman shiga kwalejin fasaha da ita. Tun da manhaja tana cikin sākewa, kada a dogara ga tsohon littafin da wa ya bari, a tambayi ofishin hukuma abin da a ke yi bana.

Akwai wata magana da ta shafi ƙasarmu fiye da ko'ina. A 2010 aka gane gubar dalma tana kashe yara a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji na ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na Bukkuyum, daga ƙurar duwatsun zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje. Yara wajen 400 suka mutu. Likitocin MSF suka yi wa dubbai magani, aka kankare ƙasar ƙauyuka, Bagega sai a 2013 aka kai gare ta. Jariran wancan lokaci su ne samari da 'yan matan yau. Dalma ta kan taɓa ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro, ta rage masa riƙe abu da tsai da hankali, abin da ta ɓata kuwa magani ba ya mayar da shi duka. Ba kowane mai jinkirin ganewa ne ya sha gubar ba. Amma idan ɗanku ya tashi a wuraren nan, kuka ga an koya masa yau gobe ya manta, kada ku ce taurin kai ne ku ɗauki bulala. A gajarta masa darasi, a yawaita maimaici, a rage yawan darussan da zai ɗauka a zama ɗaya, a kuma dubi abin da hannunsa ya iya. In aka matsa masa da abin da ya fi ƙarfinsa, ramin zinariya yana nan yana kiransa da kuɗin yini, can kuwa ƙurar da ta cuce shi tun fari ta ke.

'Yan mata fa? Yarinyar da ta ke gida ita ce ta fi saurin ɓacewa daga karatu, ba da mugun nufin kowa ba. Ana cewa ta ɗauko ruwa, ta riƙe ƙanenta, ta kai niƙa, kafin a farga rana ta faɗi. Shekara ta zagayo, mai neman aure ya yi sallama, a ce ai zaune ta ke. Idan an sa wa yarinya ranar jarrabawa, aka rubuta ta a bango, aka ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba mai aikenta, to ba zaune ta ke ba, kowa ma zai gani. Ƙauyukanmu suna bukatar ungozoma da malama fiye da yadda su ke bukatar lauya. Kwalejin horon malamai ta tarayya da ke Gusau ta mata ce zalla, abin da zai kwantar wa iyaye da yawa hankali. Wadda za a yi wa aure kuma, a yi maganar jarrabawarta a fili tare da dangin miji tun kafin a sa rana.

Yaron kansa a tambaye shi. Mu iyaye mu kan so mu ga ɗanmu ya zama abin da mu muka rasa. A zauna da shi a ji abin da ya ke so, sa'an nan a gwada maganarsa da aikinsa. A ba shi tambayoyin Lissafi na shekarun baya ya yi shi kaɗai, a kai wa malami ya duba. A kai shi ya yini a asibiti ko a garejin makaniki ya ga aikin da idonsa. Mai shekara 14 ya kan ce likita domin ita kaɗai ya taɓa ji.

Gida ɗaya ba zai iya wannan duka ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yawancin ekklesiyoyinmu akwai tsohon malamin makaranta, ko malamin asibiti, ko mai NCE da bai sami aiki ba tukuna. Dattawa su rubuta sunayen yaran da su ke gida da shekarunsu da inda kowa ya tsaya, su raba su ga mutanen nan, uku-uku ko huɗu-huɗu, a cikin gidaje, da rana, ba taro mai jan ido ba. A sayi littattafai saiti ɗaya su riƙa zagayawa. A riƙa ba mai koyarwa ɗan abin sabulu, gama aikin kyauta ba ya kai shekara uku. Ɗan maƙwabci da ya so zama tare da su, kada a hana shi.

Saura maganar takardu, wadda ta hana yara masu ƙoƙari shiga makaranta fiye da yadda a ke zato. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, watau NIN. Sunan da ke kan NIN, da jerinsa, da ranar haihuwa, dole su zama daidai da na takardar haihuwa da na WAEC ko NECO, harafi da harafi. Yaranmu da yawa suna da sunan gida da sunan baftisma da sunan kaka, wannan takarda ta ɗauki biyu, waccan ta ɗauki wasu biyu dabam. A zauna yau a tsai da suna ɗaya, a rubuta shi a takarda, kowane ofis aka je a miƙa takardar, kada a faɗa da baki. Layin wayar da za a yi rajistar JAMB da shi ya zama na yaron shi kaɗai, a kuma kiyaye shi, gama hukuma ta ɗaure shi da sunansa. A nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma tun ba a bukace ta ba. Waɗanda suka gudu daga ƙauyukansu da dare a 2022, da mutanen Gummi da ambaliya ta ci gidajensu a Agusta 2024, sun san yadda takarda ta ke salwanta. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, a yi kofe biyu, a naɗe na ainihi cikin leda, kofe ɗaya kuma a ajiye shi wurin ɗan'uwa a wani gari.